Yadda ake canza furosesan laftof ba tare da an ƙona kuɗi ba

Ba kowace laftof ake canza wa furosesa ba, wato ƙwaƙwalwar da take sarrafa aikin kwamfuta, kuma wannan shi ne abin da ya kamata ka tabbatar kafin ka kwance noti ko ɗaya. Tun daga zubi na biyar (5th generation) na furosesan Intel, wanda ya cika kasuwa a 2015, furosesan laftof yana zuwa ne a manne da dalma a jikin madabod, wato babban allon da komai yake haɗe a kai, babu gurbin da za a zare shi a sa wani. Haka ma kusan duk Ryzen na AMD da ke cikin laftof. Waɗanda ake iya canza wa su ne tsofaffin nan na ofis, masu kauri da nauyi, da aka ƙera tsakanin 2010 da 2014, irin waɗanda suke zuwa mana gwanjo daga Turai ko ta Kano. Da yake suna nan a hannun ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, da masu shagon buga takardu, da masu haɗa bidiyon biki a nan Maraɗi, aikin yana da amfani har yanzu. Sai dai rabinsa bincike ne, kuma wanda ya tsallake binciken shi ne yake ƙarewa da furosesan da ba ya shiga, ko mai shiga amma kwamfutar tana mutuwa duk bayan rabin awa.

Na cirewa ne ko na manne?

Sauke ƙaramar manhajar nan CPU-Z, kyauta ce. Idan ka buɗe ta, a shafin farko akwai layin da aka rubuta Package. In ka ga rPGA a wurin, misali Socket 988B rPGA, galibi furosesanka mai ƙafafu ne, yana zaune cikin gurbi, ana cire shi da turnabis. In ka ga BGA, magana ta ƙare, na manne ne.

Harafin ƙarshen lambar furosesa ma yana nuna hanya. Duk mai ƙarewa da U ko Y ko HQ, na manne ne. Mai ƙarewa da MQ na cirewa ne. Masu M da QM su ne masu ruɗi, domin Intel ta fitar da wasunsu kashi biyu, mai ƙafafu da na manne, da suna ɗaya. Shi ya sa i5-3320M ɗin da ke cikin ThinkPad T430 yake fita, amma wanda ke cikin X230 ba ya fita, alhali lambarsu ɗaya.

Cikin waɗanda ake yawan gani, ThinkPad T420 da T430 da T440p, Dell Latitude E6420 da E6430 da E6440, da HP EliteBook 8460p da 8470p duk masu gurbi ne. T430s da T440s da X220 da X230, da Latitude E7440, da EliteBook 840 na manne ne. Dubi yadda harafi guda ya raba T440p da T440s, don haka ka karanta lambar da ke ƙarƙashin kwamfutar da idonka, kar ka dogara da abin da mai sayarwa ya faɗa.

Idan wani mai gyara ya ce zai ɗaga maka na manne da iska mai zafi ya dasa wani, ka gode masa ka ɗauki kayanka. Aikin yana yiwuwa da injin da aka yi don shi, amma ƙwallayen dalmar da ke ƙarƙashin irin wannan furosesa sun haura dubu, kuma guda ɗaya in ta kauce madabod ɗin ya tafi. Mai kwamfutar manne da yake son ƙarin ƙarfi, gara ya nemi madabod na samfurin kwamfutarsa mai ɗauke da furosesa mafi girma, ko ya sayar ya cika ya sayi wata.

Furosesan ne yake jan ƙafa?

Sau da yawa ba shi ba ne. Buɗe Task Manager lokacin da kwamfutar take nauyi ka duba abin da ya cika. In faifan ajiya ne yake kan kashi 100, kuma tsohon faifai ne mai juyawa, SSD za ka sa, wato faifai mai sauri marar juyawa. In RAM ce ta cika, ka ƙara ta: yawancin waɗannan injuna suna da gurbi biyu, suna ɗaukar har 16 GB na DDR3, sai dai masu zubi na huɗu DDR3L suke so, mai volt 1.35. Laftof mai RAM 4 GB da tsohon faifai, ko ka sa mata i7 ba za ka ji wani bambanci ba wajen kunnawa da buɗe takardu. Furosesa yana cancantar canji ne idan shi ne yake tsayawa kan kashi 100 na tsawon lokaci, kamar wajen fitar da bidiyo, aikin taswira a QGIS, zanen gini, ko kunna wata kwamfutar a cikin kwamfuta.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa wa mai saye ba: babu furosesa mai ƙafafu ko ɗaya da zai sa laftof ta cika sharaɗin Windows 11, domin Microsoft daga zubi na takwas ta fara, kuma ta daina tallafa wa Windows 10 na gama-gari ranar 14 ga Oktoba 2025. In don Windows 11 kake son canjin, ajiye kuɗinka.

Zaɓen wanda zai zauna

Abu huɗu ne sai sun dace gaba ɗaya: gurbi, cifset, yawan wat, da caja.

Gurbin Intel na wancan zamani uku ne. G1, wato rPGA988A, na zubi na farko ne, masu lamba uku kamar i5-520M. G2, wato rPGA988B, na zubi na biyu da na uku ne, masu farawa da 2 ko 3 kamar i5-2520M da i5-3320M. G3 na zubi na huɗu ne, kamar i5-4300M da i7-4700MQ, kuma shi ne na ƙarshe. G1 da G2 ƙafafunsu 988 ne duka, a ido kamar ɗaya, amma an sauya wurin ƙafa guda don kar a haɗa su. Wanda ya danna da ƙarfi ya karya ƙafa.

Shiga gurbi ba shi ne aiki ba. Cifset, wato cif ɗin madabod da yake haɗa furosesa da sauran sassa, wanda za ka gani a shafin Mainboard na CPU-Z, shi ne yake da ta cewa. Laftof mai cifset HM65 ko HM67 ko QM67 ta zubi na biyu ce, kuma ko da furosesan zubi na uku ya zauna daram a gurbinta, da BIOS ɗin kamfani, wato manhajar cikin madabod da take tayar da kwamfuta, ba za ta tashi ba. T420 da E6420 da 8460p duk a nan suke, iyakarsu masu farawa da 2. Masu HM76 da HM77 da QM77 su ne na zubi na uku. Sannan akwai HM70, wanda ake samu a laftof masu araha da suka zo da Celeron ko Pentium. Wannan shi ne babban tarko: ka sa masa i3 ko i5, kwamfuta ta tashi lafiya, Windows ya buɗe, ka biya mai gyara ka kama hanya, bayan minti 30 cif ta mutu. Ka kunna, bayan wasu minti 30 ta sake mutuwa. Ba zafi ba ne, ba batir ba ne, haka aka ƙera cifset ɗin, Celeron da Pentium kawai ya yarda da su. Mai HM70 iyakarsa Pentium mafi sauri.

A zubi na farko akwai wani tarkon. Masu ƙwaya huɗu na lokacin, wato core huɗu masu raba aiki a cikin furosesa ɗaya, irin i7-720QM, ba su da sashen hoto a cikinsu. In laftof ɗin ba ta da katin hoto na daban, fanka za ta juya amma allo zai zauna baƙi.

Yanzu maganar wat, wadda a garin nan ta fi sauran nauyi. Kowane furosesa yana da adadin zafin da aka ƙiyasta zai fitar, kuma bututun jan ƙarfe da fankar da ke cikin kwamfutar an auna su ne da wannan adadi. Masu ƙwaya biyu na zubi na biyu da na uku wat 35 ne, masu ƙwaya huɗu yawanci wat 45. A zubi na huɗu, 37 da 47. Za ka ga mutane a intanet suna cewa sun sa mai wat 45 a T430 kuma lafiya lau. Ka tuna yawancinsu a ɗakin da bai wuce digiri 22 ba suke zaune. A Maraɗi, watannin Afrilu da Mayu zafin rana yana haura digiri 40, kuma iskar da fanka take ja ke nan. Duk digirin da ya ƙaru a ɗaki, kusan shi ne yake ƙaruwa a kan furosesa. Injin da ya nuna 85 a ɗaki mai sanyi, a shagon kwano da azahar zai doshi 100, daga nan sai ya rage wa kansa gudu don kar ya ƙone. Ka sayi mai ƙarfi ke nan yana yi maka aikin mai rauni, ga ƙarar fanka, ga shan batir.

Saboda haka shawarar ita ce ka tsaya a kan wat ɗin da kwamfutar ta zo da shi. Sa'ar da aka yi, Intel ta yi masu ƙwaya huɗu da ba su wuce wannan iyaka ba. A zubi na uku akwai i7-3612QM da i7-3632QM, dukansu wat 35. A zubi na huɗu akwai i7-4702MQ da i7-4712MQ, wat 37. Su ne suka fi dacewa da mu, kuma saboda kowa su yake nema sukan fi ƴan uwansu masu wat 45 tsada da wuyar samu. A zubi na biyu babu irinsu, duk masu ƙwaya huɗun da ake samu, kamar i7-2630QM da i7-2670QM, wat 45 ne ko fiye. Mai T420 ko E6420 da ba shi da ɗaki mai sanyi, i5-2540M ko i7-2640M ya ishe shi.

Kar sunan i7 ya ruɗe ka. i7-3520M ƙwaya biyu ne kamar i5-3320M, bambancinsu 2.9 GHz da 2.6 GHz, wato kimanin kashi goma cikin ɗari, abin da da ƙyar za ka lura da shi. Canjin da yake biyan kuɗinsa iri biyu ne: daga Celeron ko Pentium ko i3 zuwa i5, saboda i5 yana ƙara wa kansa gudu in aiki ya yi yawa, su kuwa ba sa yi, ko daga ƙwaya biyu zuwa huɗu. Daga i5-3320M zuwa i7-3632QM, aikin da yake amfani da dukan ƙwayoyin, kamar fitar da bidiyo, saurinsa yakan kusanci ninki biyu. Amma buɗe Word da shiga Facebook ba za su canza ba, domin a ƙwaya guda gudun ƙolin i5 ɗin 3.3 GHz ne, na i7 ɗin 3.2.

Caja ita ce ta huɗu. Mai ƙwaya biyu yana tafiya da caja mai wat 65. In ka hau mai wat 45 ko 47, ko kwamfutar tana da katin hoto na Nvidia, nemi mai wat 90 ta asali. Dell musamman tana tambayar caja ko ita wace ce ta siririyar allurar da ke tsakiyar bakinta. In ba ta gane ta ba, kamar yadda yake faruwa da jabun caja, sai ta ƙi cajin batir ta kuma danne gudun furosesa. Mutum ya yi ta zargin sabon furosesa, alhali laifin yana jikin bango.

Wajen saye

Kusan duk waɗannan na hannu ne, an cire su daga matattun kwamfutoci, kuma wannan ba aibi ba ne, furosesa ba ya saurin lalacewa. Ka fara tambayar masu gyara na cikin gari, domin wanda madabod ɗinsa ya mutu furosesansa yakan rayu. In sai an aiko daga Kano ko Legas, ka sa a turo maka hoton gaba da baya kafin ka biya.

A jikin koren farantin akwai lamba mai harafi biyar da take farawa da SR a zubi na biyu zuwa na huɗu. Ita za ka bincika a intanet, ita ce take faɗin gaskiyar ko wane ne. Misali i7-3632QM mai ƙafafu lambarsa SR0V0. Wanda lambarsa ta fara da Q, ko aka rubuta masa Intel Confidential, na gwaji ne da bai kamata ya fito kasuwa ba, wasu BIOS ba sa karɓarsa, bar shi. Juya shi ka kalli ƙafafun ta gefe a cikin haske, layi-layi, kowane layi ya miƙe. Dubi gilashin da ke tsakiya, musamman kusurwoyinsa, kar a samu ɓantarewa. Ka kuma yi sharaɗi tun kafin kuɗi su fita: "Malam, in bai tashi a injina ba zan dawo da shi." Mafi kyau ma a gwada a gabanka, a bar kwamfutar a kunne ta wuce minti 40.

Shirin aiki

Za ka buƙaci ƙaramin turnabis mai kan gicciye, lamba 0 da lamba 1, da ƙarami mai faɗin baki don makullin gurbi. Wasu HP suna da notuna masu kan tauraro, Torx T8. Sai tsohon katin roba don ɓanɓare murfi, alkol mai digiri 90 ko fiye daga farmasi, ƙyalle mai tsabta marar gashi, ƙaramin buroshi, da man sanyaya. A kan man nan kar ka yi rowa. Farin nan mai araha da ake sayarwa a ƴan ƙananan leda yana bushewa da wuri a zafinmu. Nemi irin su Arctic MX-4, wanda wutar lantarki ba ta bi ta cikinsa ko da ya zuba a gefe. Sirinji mai giram 4 zai yi maka aiki sau da yawa.

Sauke littafin gyaran samfurinka daga shafin kamfanin. Lenovo da Dell da HP duk suna bayar da shi kyauta, da zanen kowane noti da jerin abin da ake fara cirewa. Ajiye shi a waya, tunda kwamfutar za ta kasance a kwance.

Kwafe muhimman takardunka zuwa wani wuri. In faifan yana kulle da BitLocker, dakatar da shi, ko ka rubuta mabuɗin ceto a takarda. Sannan sabunta BIOS zuwa na ƙarshe tun tsohon furosesa yana ciki, domin in sabon ya ƙi tashi saboda tsohon BIOS, ba ka da hanyar sabuntawa sai ka mayar da tsohon. Yi wannan da batir mai rai, cike, da caja a jone. In batir ɗinka ya mutu, ari na wani, don ɗaukewar wuta a tsakiyar rubuta BIOS tana kashe madabod. Wasu injunan gwanjo suna zuwa da kalmar sirri a kan BIOS daga ofishin da suka fito. Shiga ka duba tun yanzu, kar sai ka kwance ka tarar da ƙofa a rufe.

Kafin ka kashe, buɗe HWiNFO, manhajar da take nuna zafin kwamfuta, ka rubuta zafin tsohon furosesa yana hutawa da kuma yana aiki, don ka sami abin kwatantawa.

Yi aikin a kan teburin katako, a ɗakin da aka rufe taga. Lokacin hunturu iska a bushe take, jiki yana tara wutar nan da take ɗan tsikarar mutum in ya taɓa ƙofar mota, kuma ita kaɗai ta isa ta lalata cif. Kar ka zauna a kan darduma ko tabarmar roba, kar ka sa rigar leda, kuma ka riƙa taɓa ƙarfen da ya taɓa ƙasa, kamar ƙofar ƙarfe ko famfo, kafin ka sa hannu a ciki.

Kwancewa da canzawa

Kashe kwamfutar gaba ɗaya, zare caja, cire batir, sannan danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15 don sauran wuta ta fita. In ka yi aikin jim kaɗan bayan kashewa ya fi, saboda tsohon man yana da ɗumi, zai saki da sauƙi.

Nisan tafiyar ya danganta da samfuri. A T440p da E6430 murfin ƙasa kawai za ka cire, sai ga fanka da bututu a gabanka. A T430 sai ka cire kibod da murfin da hannu yake hutawa a kai, ka shigo ta sama. Zana hoton kwamfutar a takarda ka riƙa ɗora kowane noti a wurinsa, ka kuma ɗauki hoto da waya a kowane mataki. Notunan ba tsayinsu ɗaya ba. Dogo in ya shiga ramin gajere yana iya huda madabod ko ya ɓullo ta saman roba. Siraran wayoyin nan masu faɗi na kibod suna da ɗan makulli a bakinsu, ɗaga shi da farce tukuna, kar ka fizga.

Zare wayar fanka ta hanyar riƙe kan, ba wayar ba. A kan ƙarfen da ya danne furosesa za ka ga notuna huɗu da lambobi a gefensu, 1 zuwa 4. Sassauta su daga 4 zuwa 1, kowanne juyi ɗaya, ka zagayo, har su saki tare. Dalili shi ne furosesan laftof ba shi da murfin ƙarfe irin na kwamfutar tebur, gilashinsa a fili yake, kuma in nauyi ya taru a kusurwa guda yana tsagewa. In ƙarfen ya manne, ɗan murɗa shi hagu da dama a hankali har ya saki. Kar ka sa turnabis ka ɓanɓaro, kar kuma ka ɗaga ta bututun, domin bututun da ya lanƙwashe ya rage aiki ke nan har abada.

A gefen gurbin akwai noti guda mai faɗin kai, da hoton kwaɗo a buɗe da kwaɗo a rufe. Juya shi hagu rabin zagaye, za ka ji ya tsaya, ka ga saman gurbin ya ɗan matsa. Ba fita yake yi ba, kar ka ci gaba da juyawa. Kama furosesan ta gefe biyu ka ɗaga shi sama a miƙe. Sa shi a ledar da sabon ya zo a ciki ka adana, shi ne abin gwajinka in wani abu ya faru.

A kusurwa ɗaya ta sabon akwai ɗan alwatika mai ruwan zinariya, a gurbin ma akwai irinsa. Daidaita su, ka sauke shi a hankali. Da nauyinsa kaɗai zai faɗa ya zauna. In bai zauna ba, kar ka danna ko kaɗan: ko ka juya shi ba daidai ba, ko makullin bai gama buɗewa ba, ko akwai ƙafar da ta karkace, ko kuma ba gurbinsa ba ne. Ƙafar da ta karkace ana miƙar da ita da bakin fensirin nan mai matsawa na 0.5 da aka cire wa bakin rubutu, a zura ƙafar a ciki a tayar da ita sannu. Sau ɗaya ko biyu take jurewa, a na uku takan karye. In ya zauna daidai, ɗora yatsa a gefensa, ka juya notin dama rabin zagaye har alamar ta kai kan rufaffen kwaɗo. Mantawa da wannan kullewa kuskure ne da ake yawan yi, kuma alamarsa ita ce kwamfutar da ba ta nuna komai.

Tunda an riga an buɗe, raba fanka da haƙoran ƙarfen da iska take bi ta fita. A nan za ka tarar da ƙura ta dunƙule ta zama kamar auduga, ta toshe hanyar. Cire ta da buroshi. In za ka hura iska, riƙe fukafukan fankar da yatsa kar su yi ta juyawa a banza.

Goge tsohon man daga jan ƙarfen da alkol har ya yi ƙyalli, goge gilashin sabon furosesa shi ma, ka bar su su bushe. Ɗiga man kamar ƙwayar shinkafa a kan gilashin. Na masu ƙwaya huɗu dogo ne, don haka ja siririn layi a tsawonsa, ko ka shimfiɗa shi da katin roba ya rufe ko'ina, siriri. A gilashin da ba shi da murfi, duk kusurwar da man bai kai ba ƙwayar da ke ƙarƙashinta za ta fi sauran zafi. In akwai cif na hoto a ƙarƙashin ƙarfen, shi ma a goge a sa masa sabo. Inda kuma ka tarar da ɗan laushin faci maimakon mai, bar shi a wurinsa, ko ka canza shi da mai kauri ɗaya. Mai ba ya cike gurbin faci.

Sauke ƙarfen a miƙe sau ɗaya. In ka ɗaga bayan ya taɓa, goge ka sake sa man. Ɗaura notunan daga 1 zuwa 4, juyi ɗaya-ɗaya, har kowanne ya tsaya da kansa. Mayar da wayar fanka, ka sake dubawa ka tabbata ta shiga.

Kunnawar farko

Kar ka rufe komai tukuna. Jona kibod da caja, ka kunna. Karon farko takan ɗan jima, wani lokaci ta mutu ta sake tashi da kanta sau ɗaya ko biyu, wannan ba matsala ba ce. Shiga BIOS, F1 a ThinkPad, F2 a Dell, F10 a HP, ka ga ko sunan sabon furosesa ya fito, ka kuma tabbata fanka tana juyawa.

In fitila ta kama amma allo baƙi, zare wuta ka duba makullin gurbi, sannan ka cire RAM ka sake zaunar da ita, don sau da yawa ita ce aka gusar wajen aiki. In bai yi ba, zare ƙaramin batir ɗin madabod mai kamar kwabo na minti ɗaya ka mayar. In har yanzu shiru, mayar da tsohon furosesa. Ya tashi, to sabon ne matacce ko bai dace da cifset ba. Bai tashi ba, akwai wayar da ka bari ko abin da ya taɓu.

In tana tashi ta mutu cikin daƙiƙoƙi ko ƴan mintuna, zafi ne: ƙarfen bai zauna ba, ko fanka ba a jone take ba. In mutuwar tana zuwa daidai minti 30, koma ka karanta sunan cifset. In Windows ya nuna ƙwaya biyu alhali huɗu ka sa, buɗe msconfig, shiga Boot, sannan Advanced options, ka cire alamar da ke kan Number of processors, ka sake kunnawa. In gudun ya maƙale a ƙasa, misali wajen 0.8 ko 1.2 GHz ko da aiki ya yi yawa, gwada wata caja ta asali. Windows ba ya buƙatar a sake sa shi, kuma yawanci lasisinsa ba ya taɓuwa tunda da madabod aka ɗaure shi.

Gwajin zafi

Bayan ka rufe komai, buɗe HWiNFO a gefe, ka sa CPU-Z ya matsa wa furosesan ta maɓallin Stress CPU na minti 20. Yi gwajin a inda kwamfutar za ta riƙa aiki, da rana, ba a ɗaki mai na'urar sanyi ba. Iyakar zubi na uku digiri 105 ce, ta zubi na biyu da na huɗu 100, kuma kafin nan yake fara rage gudu. Abin da kake so shi ne ya tsaya ƙasa da 90 a cikin wannan matsi. In a watan Janairu ka yi gwajin, ƙara digiri 10 zuwa 15 a kan abin da ka gani, shi ne lissafin bazara. Dubi kuma bambancin ƙwayoyin: in ɗaya ta fi sauran da digiri 10 ko fiye, man bai bazu daidai ba ko noti ɗaya bai ɗauru ba, sai a sake.

In zafin ya wuce kima kuma ka tabbata man da ƙarfen suna daidai, shiga saitin wutar Windows, wajen Maximum processor state, ka mayar da shi 99 maimakon 100. Wannan yana hana furosesan ƙarin gudun nan na ƙoli, zafi ya sauka sosai, ƙwayoyinka huɗu kuma suna nan suna aiki. Ana iya barinsa haka daga Maris zuwa saukar damina, a mayar da shi 100 in gari ya yi sanyi. Ɗaga bayan kwamfutar da ɗan katako yadda iska za ta shiga ta ƙasa, kar a ɗora ta a kan katifa ko darduma. A buɗe a share haƙoran fanka bayan kowane hunturu, a kuma sake man sanyaya idan zafin ya ƙaru da kamar digiri 10 a kan abin da ka rubuta ranar da ka gama aikin.